Wa Ya Duba Ƙafafun? Sharhi a Kan Rumbunan Haɗaka na Kayan Zanen Lantarki

Duk injiniyan da zai zana tsarin lantarki a kwamfuta, ɗan allon da ke cikin caja ne ko katafaren akwatin da ke juya injinan masana'anta, ba zai ja layin waya ko ɗaya ba sai abubuwan da wayar za ta haɗa suna cikin manhajar. Resisto, makunni, rile da kwantakta (makunnan da wuta ke kunnawa da kashewa, ba hannu ba), kowanne sai an riga an shigar da shi a matsayin abin da za a ɗauko a dasa a shafi. In babu shi, aiki ya tsaya cak. Sai an buɗe takardar bayanan da kamfani ya fitar, a ƙirga ƙafafu, wato 'yan ƙarafan da ake haɗa waya da su, a auna tazara, a gina abin daga tushe. Aiki ne mai cin rai, kuma ba a yabon kowa a kansa.

Daga nan tunanin rumbun haɗaka ya taso, hujjarsa kuma a fili take. Ɗauki cip ɗin nan mai ƙafa takwas, NE555, wanda kamfanin Signetics ya fitar a 1972 kuma har gobe ana ƙera shi. Shekara hamsin da ɗoriya ƙafafunsa ba su sauya wuri ba. Allah kaɗai ya san sau nawa aka sake zana shi a ofisoshi da azuzuwa, kowa yana maimaita abin da wani ya gama jiya. To me zai hana mutum ɗaya ya zana, ya ɗora a wuri guda, kowa ya sauke? Yau da wuya ka sami manhajar zanen lantarki da ba ta da irin wannan rumbu, ko a cikinta ko a gefenta.

A ganina dai ana auna waɗannan rumbuna da ma'aunin da bai dace ba. Ana tallarsu da yawan kayan da ke ciki, dubu kaza, miliyan kaza, alhali zanen shi ne mafi arahar ɓangaren aikin. Mai tsadar shi ne tabbatar da cewa abin da aka zana ya yi daidai da wanda za a riƙe a hannu, wannan tabbacin kuwa ba ya biyo fayil don kawai an sauke shi. Sai in an tsara rumbun ta yadda zai biyo.

Abin da ake gani kamar kaya ɗaya a manhaja, abubuwa ne da yawa da aka ɗaure wuri guda. Akwai alama, wato hoton da ke fitowa a zanen tsari, mai nuna aikin abin ba kamanninsa ba. Akwai sawu, taswirar wuraren jan ƙarfe da ramukan da ƙafafun za su zauna a kan allo kafin a like su da dalma. Akwai siffarsa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda da ita ake duba ko abin zai shiga kwanso bai tokari murfi ba. Sannan bayanai: sunan kamfani, lambar kaya, ƙarfin wutar da yake jurewa, inda takardarsa take. Abin da ya ɗaure su duka ɗan jadawali ne da ke cewa ƙafa ta ɗaya a alama ita ce wuri na ɗaya a sawu, ta biyu na biyu, har ƙarshe. Alama na iya fita daidai, sawu ya fita daidai, a yi kuskure a ɗaurin nan kaɗai, komai ya tashi a banza.

Manhajar kuma ba za ta ce uffan ba. Kowace manhaja ta kirki tana da bincike iri biyu. Ɗaya yana duba haɗi, ko an bar wata ƙafa a sake, ko an haɗa mafita biyu suna karo da juna. Ɗayan yana duba allo, ko layuka sun matsu fiye da yadda masana'anta za ta iya fitarwa, ko akwai wayar da ke cikin zane amma ba ta kan allo. Dukansu suna ɗaukar abin da ke rumbu a matsayin gaskiyar da ba a musu. Suna gwada zane da rumbu ne, ba su da hanyar gwada rumbu da ainihin abin. Ke nan ana iya gama bincike tsaf babu gargaɗi ko ɗaya, a aika masana'anta, a jira, allo ya iso, sai a lokacin a ga ƙafa ta ƙi shiga rami. Layin jan ƙarfen da aka riga aka fitar ba ya komawa. In kuskuren ƙarami ne a kankare da wuƙa a yi ƙari da 'yar waya, in babba ne a zubar a sake biya.

Yawancin waɗannan kurakurai ba na rashin sani ba ne, masana'antar ce da kanta ta haƙa ramukan. Transisto biyu da kusan kowane ɗalibin fannin ya taɓa riƙewa, 2N3904 da BC547, gidansu iri ɗaya ne, wanda ake kira TO-92, ƙafa uku-uku, aikinsu ma kusan ɗaya. Amma in ka fuskanci shafaffen gefen, ƙafafu suna kallon ƙasa, a na farkon, daga hagu, ƙafar da ake kira emita ce, sai bes, sai kolekta. Na biyun kuwa kolekta ne a hagu, emita a dama. Wanda ya kwafi ɗaya ya sauya suna kawai don ya samar da ɗayan ya juya transiston ke nan. Abin takaicin ma, transiston da aka juya sau da yawa yakan yi aiki sama-sama, da rauni, har mutum ya ɓata kwanaki yana neman laifi a wani wuri dabam. Haka 7805 da 7905, masu daidaita ƙarfin wuta 'yan gida ɗaya, kamanninsu ɗaya: a na farko ƙafar tsakiya ita ce ta ƙasa, wato “ground”, a na biyu ta tsakiyar ita ce mashigar wuta.

Akwai wanda ya fi wannan ban haushi. Ƙananan resisto da kafasito da ake likewa a saman allo ana kiransu da lambar girmansu. A ma'aunin inci, 0603 abu ne mai tsawon milimita 1.6 da faɗin 0.8. A ma'aunin mita kuwa, 0603 abu ne mai milimita 0.6 da 0.3, wanda masu inci ke kira 0201, ƙanƙanin da da ƙyar ido ke kama shi. Lamba ɗaya, girma biyu. Shi ya sa a rumbun KiCad, manhajar kyauta ta zanen alluna, ake rubuta lambobin biyu a sunan sawu, 0603 sannan 1608 na mita ya biyo baya. Gidan da ake kira SOIC mai ƙafa takwas shi ma yana da siriri mai faɗin milimita 3.9, yana da mai faɗin kusan 5.3, tazarar ƙafafunsu kuma ɗaya ce, milimita 1.27, ta yadda a fuskar kwamfuta ba ka gane bambanci sai ka auna. Ga kuma tsohon tarkon da ya kama manya da ƙanana: wasu takardun kamfanoni, musamman na rile da mahaɗan waya, suna nuna ƙafafu kamar ana kallon abin daga ƙasa, su rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a gefe. Wanda idonsa ya tsallake rubutun zai zana sawun a juye, dama ta koma hagu.

A ɓangaren masu zana akwatunan sarrafa injina matsalar tana sauya kama ne kawai. Su ba ruwansu da sawun dalma, amma suna da nasu lambobin da ba a wasa da su. A kan kwantakta, A1 da A2 na kwayil ne, wato naɗin wayar da ke jan makunnin idan wuta ta shiga. Ƙananan makunnan taimako masu lamba 13 da 14 a buɗe suke har sai wuta ta shiga kwayil, masu 21 da 22 a rufe suke. A rilen da ke kare motar lantarki mai juya inji daga ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta, 95 da 96 su ne rufaffun da ke katse layi. Manhajojin wannan fanni daga bayanan kayan suke fitar da jerin wayoyi, da lambar da za a manna wa kowace waya, da jerin abin da za a saya, da yadda kayan za su jeru a kan dogon ƙarfen nan mai faɗin milimita 35. In wani ya ɗora kwantakta ya rubuta faɗin da bai kai na gaskiya ba, za a ƙera akwati, a zo jeri, wuri ya gaza. Lambar kaya kuma kowane harafi da aikinsa. A kwantaktocin Schneider Electric masu lamba LC1D09, wadda ta ƙare da M7 kwayil ɗinta na bolt 220 ne na wuta mai kai-komo, wadda ta ƙare da BD kuwa na bolt 24 ne na wuta irin ta batir. Alamarsu a zane ɗaya ce. In mai ɗorawa ya kwafi ta farko ya manta bai gyara wutsiyar lambar ba, ofishin saye zai yi odar abin da ya gani a jeri, ba abin da injiniya ya nufa ba.

Alamar kanta ma ba ɗaya ba ce a duniya. Ƙa'idar IEC 60617, wadda Turai da ƙasashe da yawa ke bi, tana zana resisto a matsayin ɗan dogon akwati. A Amurka, bisa IEEE 315, layi ne mai haƙora kamar zarto. Rumbun da jama'ar duniya ke zuba kaya a ciki dole ya tara duka biyun, zanen da ya gauraya su kuma yana gajiyar da wanda zai zo gyara bayan shekaru.

To ya rumbunan ke fama da wannan? Sun rarrabu, kuma bambancinsu yana wurin ƙofar shiga.

KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Grenoble ta Faransa a 1992, cibiyar binciken CERN kuma ta shiga taimaka mata daga 2013, ta zaɓi ƙofa mai gadi. Kowa na iya miƙa kaya, amma ba ya shiga rumbun hukuma sai ya bi wani kundin ƙa'idoji da ake kira KLC, sannan ɗaya daga cikin masu kula da rumbun ya duba shi. Ƙa'idojin sun gangara har kan ƙananan abubuwa: ƙafafun alama su zauna a kan tazarar milimita 2.54, kaurin layin farin rubutun da ake bugawa a allo ya zama 0.12, filin da ake bari a kewayen kaya don kada ya gogi maƙwabcinsa ya zama 0.25 a mafi yawan lokuta. Wanda bai saba ba zai ga kamar tsanani ne kawai. Amma amfanin ƙa'idar shi ne ta mai da dubawa abu mai yiwuwa. In duk alamomi tsarinsu ɗaya ne, wani ɗan shiri na kwamfuta zai tace kurakuran tsari da kansa, idon mutum ya koma kan abin da shiri ba zai iya ba, wato gwada zane da takardar kamfani ƙafa bayan ƙafa. Sawu da yawa ma ba da hannu ake zana su ba. Ana shigar da ma'aunai daga takarda ne, shiri ya fitar da sawun bisa lissafi, kuma ranar da aka gano aibi a lissafin, gyara ɗaya ya wadatar da dangin gaba ɗaya.

Kuɗin wannan tsari jira ne. Masu dubawa 'yan sa-kai ne, masu miƙa kaya kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba, don ɗora sabon kaya yana da daɗi, sunanka zai fito, duba na wani kuwa wahala ce zalla. Mutum ya miƙa aikinsa, ya daɗe bai ji komai ba, ko a dawo masa da shi a ce gyara kaurin layi, sai ya yi fushi ya tafi. Ban ga laifin masu gadin ba. Laifin, in akwai, na tsarin da ke ƙirga gudummawa da yawan abin da aka ɗora ne, ya bar wanda ya duba ba a ambatonsa.

Ɗaya ƙofar a wangale take. A EasyEDA, manhajar da ke tafe da kamfanin sayar da kaya LCSC da na buga allo JLCPCB a ƙasar Sin, ban da kayan da ke ɗauke da lambar shagon, akwai sashen abin da masu amfani suka ɗora da kansu. Fa'idarsa a bayyane take: abin da ya fito kasuwa kwanan nan, ko wani ɗan allon da babu babban kamfani a bayansa, sau da yawa wani ya riga ya zana. Illarsa ita ce ka nemi kaya ɗaya ka sami kwafi barkatai, sunayensu kusan ɗaya, babu abin da ke gaya maka wanne aka taɓa bugawa ya yi aiki, wanne kuma ɗalibi ya fara ya watsar. A irin wannan yanayi ido yakan tafi ga wanda ya fi kyan gani, mai siffa mai sheƙi da launi, nan kuwa kallon kitse ake wa rogo, don kyan siffa bai ce komai ba game da jerin ƙafafu. Ko kuma a bi wanda aka fi saukewa. Wannan ma'auni ya fi yaudara, domin yana ƙirga waɗanda suka ɗauka ne, ba waɗanda suka ci nasara ba, kuma da zarar kwafi ɗaya ya hau sama, hawansa ne ke ƙara jawo masa jama'a. Kowa ya ɗauka cewa cikin mutanen nan da yawa ai wani ya duba.

QElectroTech, manhajar kyauta ta zanen lantarkin masana'antu wadda ita ma tushenta Faransa ne, tarin alamominta da gudummawar masu amfani ya girma, kuma ta raba tarin da ke zuwa tare da manhaja da wanda mutum ya tara wa kansa. Wannan rabuwar, ko da ta yi kama da ƙaramin abu, tana amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wannan alamar daga ina ta fito?

Sai rumbunan kasuwanci, inda kamfanonin da ke ƙera kayan ko wasu 'yan tsakiya ke samar da bayanan. EPLAN ta Jamus tana da nata, inda masu ƙera kayan lantarki ke zuba bayanan hajarsu kai tsaye. A ɓangaren alluna akwai SnapEDA, wadda Natasha Baker ta kafa a 2013 kuma yanzu ake kira SnapMagic, akwai Ultra Librarian, akwai SamacSys. Mutum zai zaci tun da daga bakin mai kaya abin ya fito, magana ta ƙare. Ba haka ba ne koyaushe. Kamfanin da ke da dubban kaya yakan cika rumbu da lamba da hoto, amma wani kayan ya zo babu wuraren haɗin waya, wani babu ramukan ɗauri, har EPLAN ta ga dole ta fitar da mizanin ingancin bayanai don a bambance cikakke da rabi. Ya kamata kuma mai saukewa ya san dalilin da ya sa ake ba shi kyauta. Kayan da ya shiga zane yau, shi za a yi ta saye muddin ana ƙera na'urar, saboda haka sauƙin saukewa hanya ce ta talla. Dubi inda kuɗi ke tafiya: Altium, mai manhajar zanen alluna, ta sayi Octopart, shafin neman kayan lantarki, a 2015. Siemens ta sayi Supplyframe, uwar SamacSys, a 2021. A 2024 kuma Renesas, mai ƙera cip ta Japan, ta saye Altium ɗin kanta. Ba aibi ba ne kamfani ya so a sayi kayansa. Amma rumbun da abu ɗaya ke saukuwa cikin daƙiƙa, kishiyarsa kuma sai an zana da hannu, ya riga ya sa baki a zaɓin injiniya.

Akwai wani abu kuma da ko dubawa ba ta warwarewa, wato sau da yawa babu sawu guda da za a ce shi ne daidai. Ƙa'idar IPC-7351, wadda ake lissafa girman wuraren dalma da ita, mataki uku ta bayar: mai yalwa, matsakaici, da matsattse. Wanda zai like da hannu yana son wuri mai yalwa inda bakin ƙarfen dalma zai samu sarari. Mai cusa kaya da yawa a ɗan fili, kamar cikin wayar hannu, matsattse yake so. Masana'antar da za ta haɗa allon ma tana da abin da injinanta suka fi so. Sawun da ya yi wa wanda ya ɗora aiki lafiya lau zai iya ba wani matsala, ba tare da ɗayansu ya yi kuskure ba. Rumbun da bai rubuta wa wane irin aiki aka yi sawun ba ya ɓoye rabin labari.

Haka gardamar da ta daɗe tsakanin masu son kaya na gama-gari da masu son cikakke. Na farko suna cewa a ajiye alamar resisto guda, a zaɓi ƙima da sawu daga baya. Na biyu suna cewa kowace lambar kamfani ta zama kaya mai zaman kansa, da alamarsa da sawunsa a ɗaure, don kada a bar wa mai gaggawa damar haɗa alama da sawun da ba nata ba. Rumbun jama'a ya fi karkata ga na farko a ƙananan kaya, don ba wanda zai iya kula da kowace lambar resisto a duniya. Kamfanoni sun fi son na biyu, shi ya sa KiCad ta 7, a 2023, ta ƙara hanyar haɗa rumbu da ma'ajiyar bayanan kamfani. Ƙarancin cip da ya addabi duniya daga 2020 zuwa 2022 ya nuna amfanin kowanne: injiniyoyi sun yi ta neman madadin kayan da suka ɓace a kasuwa, kuma madadin da aka ce daidai yake sau da yawa sai an sake duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

Gyara ma yana da nasa haɗarin. A ce an gano kuskure a wani kaya an gyara a rumbu. Wanda zai fara sabon zane ya tsira. Wanda ya gama nasa bara fa, ya lura da kuskuren ya kauce masa ta hanyar juya wayoyinsa? In zanensa yana ɗauko kayan daga rumbu duk lokacin da aka buɗe shi, gyaran zai shigo masa ba sallama ya ɓata abin da ke aiki. Tsofaffin masu amfani da KiCad sun san wannan ciwon, lokacin da buɗe tsohon zane ke zuwa da tambayar ceto alamomin da suka sauya. Daga fitowa ta 6, a ƙarshen 2021, alamar tana zama a cikin fayil ɗin zanen kansa, sai mai shi ya ga dama ya sabunta. QElectroTech ma tana ajiye kwafin alama a cikin aikin. Wannan shi ne daidai, sai dai ya buɗe wata ƙofa: kuskuren da aka kwafa ya zauna daram a zane, babu mai sanar da mai shi cewa an gano shi.

Batun lasisi a taƙaice yake, amma kamfanoni ba sa wasa da shi. Rumbun KiCad yana ƙarƙashin CC BY-SA 4.0, lasisin da ke wajabta raba abin da aka gina a kansa da sharaɗi iri ɗaya, sai dai an yi togaciya a fili cewa zanen da ya yi amfani da kayan rumbun bai shiga wannan wajibci ba. Ba don togaciyar ba, da mai sayar da na'ura zai ji tsoron taɓa shi. QElectroTech ma ta halatta sa alamominta a zane ba tare da sharaɗi ba. Abin da wani ya ɗora a buɗaɗɗen rumbu babu lasisi kuwa, ko ya kwaso daga rumbun kasuwanci da ya hana sake rabawa, matsayinsa a duhu yake. Akwai kuma tambayar ina wahalar jama'a za ta koma idan manhajar ta mutu. EAGLE, wata tsohuwar manhajar zanen alluna, ta tara rumbunan da masu amfani suka yi shekaru suna ginawa. Autodesk ta saye ta a 2016, daga baya ta sanar da cewa za ta daina tallafa mata a Yunin 2026. Abin da ya sauƙaƙa ceton wannan gado shi ne fayilolinta na baya-bayan nan rubutu ne da wasu manhajoji ke iya karantawa su shigo da shi.

Ofisoshin da suka san ciwon kansu ba sa barin kayan da aka sauke ya shiga zane kai tsaye. Yana fara zama a wani keɓaɓɓen wuri, mutum na biyu, ba wanda ya sauke ba, ya buɗe takardar kamfani ya bi ƙafafun, sannan a mayar da shi rumbun cikin gida. Masu aiki su kaɗai suna da tasu dabarar mai araha: a buga sawun a takarda daidai girmansa, a ɗora ainihin kayan a kai a gani. Wani zai ce in dai sai na duba komai, ina amfanin saukewa? Amfanin yana nan, don duba abin da aka zana ya fi zana shi sauri, kuma ido biyu da ba su san juna ba sun fi ido ɗaya da ya duba aikin kansa. Sai dai duk wannan dubawar da ake yi a ofisoshi daban-daban a can take tsayawa. An raba zane, ba a raba tabbaci ba, kowa yana sake duba abin da wani ya duba jiya, wato dai wahalar da aka gudu ce ta dawo ta wata ƙofa.

Abin da zai sauya wannan ba fasaha ce mai wuya ba. Kowane kaya ya zo da tarihinsa a jikinsa: wace fitowar takardar kamfani aka bi, wa ya zana, wa ya duba, wane matakin sawu aka zaɓa, kuma shin an taɓa buga shi a allo an like ya zauna. Wannan na ƙarshen ya fi adadin saukewa daraja nesa, domin shaidar wanda ya riƙe allon a hannu ce. Sannan hanyar komawa ta yi sauƙi kamar ta zuwa. A yanzu ɗauko kaya dannawa ɗaya ce, amma wanda ya gano kuskure a rumbun KiCad, alal misali, sai ya buɗe asusu a GitLab, shafin da ake ajiye rumbun, ya rubuta rahoto, in kuma gyaran zai miƙa da kansa sai ya san yadda ake aiki da Git, manhajar da ake bin sauye-sauyen fayiloli da ita. Mutumin da allonsa ya lalace, mai aiki na jiransa, zai gyara kwafin da ke kwamfutarsa ne ya wuce, na rumbu kuma ya ci gaba da jiran mai saukewa na gaba. Da a ce daga cikin manhajar zai danna kan kayan ya rubuta cewa ƙafa ta biyu da ta uku a juye suke, saƙon ya isa ga masu kula da rumbu, ya kuma bayyana ga duk wanda kayan ke cikin zanensa, da mutane da yawa za su yi.